Shin Bututun Iska Mai Sanyi Yana Ƙara wa Mota Mai Turbo Ƙarfi? Jagora ga Direban Maraɗi

A ƴan shekarun nan samari masu sha'awar mota a Maraɗi sun shiga cire akwatin filtar iska da kamfani ya ɗaura wa motarsu, suna maye gurbinsa da wani bututu mai ƙyalli wanda ake maƙala wa filta mai siffar mazurari a baki, ja ko shuɗiya. Masu sayar da shi suna tallarsa da cewa yana shigar wa inji da iska mai sanyi, saboda haka yana ƙara wa mota ƙarfi da gudu. Ra'ayina a kan wannan magana shi ne, a mota mai turbo wadda ba a taɓa kwamfutarta ba, ƙarin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai ƙafar direba ta ji shi ba, abin da ake samu tabbas shi ne ƙarar inji, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu kasadar ta fi ribar yawa. Sai dai ba na so a karɓi maganata haka kawai, domin akwai hanyar da kowane mai mota zai bi ya auna da kansa kafin ya fitar da jika ko ɗaya.

Tushen maganar masu sayarwa gaskiya ne. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, wato a cikin lita ɗaya ta iska mai sanyi akwai iskar ƙona mai fiye da wadda ke cikin lita ɗaya ta mai zafi, kuma a irin zafin da muke rayuwa a cikinsa, duk saukar digiri 10 tana ƙara wa iska nauyi da kusan kashi 3 cikin 100. A injin da ba shi da turbo, iskar da ta wuce filta ita ce take shiga inji kai tsaye, don haka sanyinta yana isa inda ake buƙatarsa. A injin turbo kuwa akwai tashoshi biyu a tsakani. Turbo yana matse iskar, matsewar tana ɗumama ta sosai, daga nan sai ta bi ta cikin intakula, wato wani lagireto na iska da ke gaban mota ko a saman inji, wanda aikinsa shi ne rage mata zafi kafin ta shiga.

Bari mu yi lissafin da rana irin ta Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Maraɗi yake kai digiri 40 ko ya wuce. A ɗauka turbo yana ninka matsin iska sau biyu, kuma shi da intakula kowanne yana aiki da ingancin kashi 70 cikin 100, wanda adadi ne na tsaka-tsaki da ake amfani da shi wajen irin wannan ƙiyasi. Iskar da ta shiga turbo da digiri 40 za ta fito da kusan 138, intakula ya saukar da ita zuwa wajen 69. Idan kuwa ta shiga da digiri 60, za ta fito da kusan 164, intakula ya mayar da ita 77. Bambancin digiri 20 a bakin filta ya koma digiri 8 kacal a bakin inji, wato kashi 2 da ɗoriya cikin 100 na nauyin iska. Intakula ya riga ya cinye mafi yawan bambancin, kuma wannan shi ne dalili na farko da ya sa abin da ke aiki a injin da ba shi da turbo yake raguwa a mai turbo.

Dalili na biyu shi ne kwamfutar mota. A motocin zamani kwamfuta ce take ƙayyade yawan matsin iska da yawan man da za a fesa, bisa abin da kamfani ya rubuta mata. Idan matsi ya kai haddin da aka sa, sai ta buɗe ƙofar da ke karkatar da hayaƙin da ke juya turbo daga gare shi, ko ta sauya tsayuwar fukafukan cikinsa a irin turbon da ke da su. Saboda haka idan aka sauƙaƙa wa iska hanyar shiga, turbo ne zai ɗan huta wajen kai matsin da aka nema, amma kwamfuta ba za ta ƙara neman wani abu ba. Abin da direba kan iya lura da shi shi ne turbo ya ɗan fi saurin amsawa idan an taka totur, shi ma ba a kowace mota ba.

A hanyar aunawa da kanka da na ambata, mataki na farko shi ne ka buɗe murfin inji ka bi hanyar iskar motarka da ido da hannu, tun daga inda take shiga har zuwa bakin turbo. Mutane da yawa za su yi mamakin abin da za su gani, domin a mafi yawan motocin turbo da ke yawo a garin nan, irin su Hilux mai injin D-4D, da Prado, da Land Cruiser mai V8 na gazuwal, da ƙananan motocin Turai masu HDi ko TDI, akwatin filta a rufe yake ruf, kuma yana jan iska ne daga waje, ta bayan ragar gaba ko ta cikin gefen mota sama da taya. Ma'ana, kamfani ya riga ya ba ka bututun iska mai sanyi. Wanda ya cire wannan akwati ya ɗaura buɗaɗɗiyar filta a cikin ɗakin inji, kusa da turbo da bututun hayaƙi, ya sauya iskar waje da iskar da lagireto ya gama gasawa. A kan babbar hanya iska tana ratsa ɗakin inji, lamarin ya yi sauƙi, amma a cunkoson bakin babbar kasuwa da tsakar rana, inda ake tafiya ana tsayawa, zafin da ke ƙarƙashin murfi yana zarce na waje nesa ba kusa ba, kuma shi ne filtar za ta riƙa shaƙa.

Mataki na biyu shi ne ka mayar da motar yadda ya kamata ta kasance kafin ka yanke mata hukunci. Mota da yawa da masu su ke kuka da cewa ta yi nauyi, ba wani sabon kaya take nema ba, gyara take nema. Ka sa sabuwar filtar takarda mai kyau, ka tabbatar robar gefenta ta zauna daram a mazauninta, kuma duk maɗauran murfin akwatin suna nan. Ka duba tiyo-tiyon da ke tsakanin turbo da intakula da inji, domin duk inda ka ga danshin baƙin mai da ƙura ta manne masa a mahaɗa, akwai yiwuwar iska tana sulalewa ta nan, kuma ɗan tsagi a tiyo ɗaya yana cin ƙarfin da ya fi duk abin da bututun kasuwa zai iya bayarwa. Sannan ka haska fuskar intakula da tocila. A nan ƙasar za ka tarar ƙura da fari da ɓuntun ciyawa sun toshe ƴan ramukan, musamman ga motar da ke bin hanyar Dakoro ko ƙauyukan Mayahi. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba idan hali ya yi, ba da injin feshi mai tsananin matsi ba, don kada a lanƙwasa siraran ƙarafan. Akwai wata al'ada da nake roƙon ƴan'uwa makanikai su rage, wato busa filtar takarda da iskar kwamfuresa mai ƙarfi, domin tana iya huda takardar da ramukan da ido ba ya gani, filta ta fito fes a ido alhali ta daina tsare ƙura.

Mataki na uku shi ne awo, kuma a nan ne nake so mai karatu ya daɗe. Akwai ƴar na'ura mai araha da ake kira ELM327, wadda ake cusawa a soket ɗin OBD, wato soket ɗin karanta kwamfutar mota da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da wannan tsari tun daga 1996, na Turai masu fetur tun daga 2001, masu gazuwal kuma daga 2004. Idan na'urar ba ta karanta motarka ba, masu wutar mota da ke da babbar na'urar bincike za su iya yi maka. Abubuwa uku za ka karanta: zafin iskar shiga, da matsin iska, da yawan iskar da ke wucewa. Ka tambayi bakanikenka inda na'urar auna zafin take a motarka, domin a wasu motoci tana kusa da filta, a wasu kuma tana bayan intakula, kuma fassarar lambar ta dogara da wurin. Idan tana kusa da filta, kuma ka ga a kan tafiya lambar ba ta zarce zafin gari da fiye da ƴan digiri ba, to babu wani sanyi da ya rage da sabon bututu zai kawo maka, tunda babu bututun da zai sanyaya iska ƙasa da yadda Allah ya yi ta a waje.

Saura tambayar ko akwatin kamfani yana shaƙe inji. Wannan ma ana auna shi. Akwai ɗan ma'auni da ake gani a jikin akwatin filtar manyan motoci da tarakta da manyan janareto, mai launin rawaya da ja a ciki, wanda yake nuna yawan wahalar da inji ke sha wajen jan iska, kuma yana tsayawa a kan lamba mafi girma da ya kai har sai an danna shi. A injinan gazuwal da yawa haddin canza filta yana wajen kilofaskal 6 (kilofaskal awon matsi ne), alhali matsin iskar sararin sama kusan kilofaskal 100 ne. Idan aka ɗaura wannan ma'auni tsakanin filta da turbo, aka taka mota iyakar ƙarfinta da sabuwar filta, aka ga ya tsaya a 2 ko 3, to iyakar abin da za a iya ƙwatowa ke nan, ko da an cire filtar baki ɗaya, kuma sabon bututun ma yana da tasa shaƙewar.

Daga nan sai gwajin hanya. Ka nemi miƙaƙƙen wuri marar jama'a a kan kwalta, can bayan gari a hanyar Tasawa ko ta Gidan Rumji, a lokacin da babu amalanke da dabbobi da ƴan kabu-kabu, ka tafi da mutum ɗaya wanda zai riƙe agogon waya, domin direba ba ya tuƙi yana kallon waya. A giya ɗaya, ta uku ko ta huɗu, ka taka totur har ƙasa daga kilomita 50 zuwa 90 a awa, abokin tafiya ya rubuta daƙiƙun. A yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, saboda iska da gangaren da ido ba ya gani, da na'urar sanyaya ciki a kashe, da kaya iri ɗaya, sannan a fitar da matsakaici. Ka rubuta ranar da lokacin da zafin gari. Wannan rubutu shi ne shaidarka, domin kunne yana yaudarar ƙafa: mota mai ƙara tana sa mutum ya ji kamar ta fi gudu, kuma yana sa shi ya ƙara taka ta, mai ya ƙara tafiya. Idan ka auna tsohon akwati da sanyin safiyar Janairu, ka auna sabon bututu da azahar ɗin Mayu, ko akasin haka, yanayi ka auna, ba bututu ba.

Yanzu sai maganar ƙura, wadda a wurina ita ce ta fi komai nauyi. Injin lita 2.5 da ke juyawa sau 3,000 a minti, turbo yana ninka masa iska, yana haɗiye wajen lita 6,000 zuwa 7,000 na iska a kowane minti. A tuna da irin iskar da muke da ita daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake kwaso garin ƙura daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi har rana ta koma kamar farin faifai, a ƙara da jan ƙurar da motar gaba take tayarwa a hanyar burji. Duk abin da ya tsere wa filta, farkon abin da zai tarar shi ne fankar turbo, wadda take juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma a irin wannan gudu ƙwayar yashi tana cin bakin fukafukan kamar zarto. Abin da ya wuce nan sai ya sauka a bangon silinda da zoben fistin, ya gauraya da baƙin mai. Filtar auduga mai mai a jiki, irin wadda aka fi haɗawa da waɗannan bututu, tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ramukanta sun fi na takarda faɗi, kuma man da aka shafa mata ne yake kama ƙura, idan ya bushe ko aka wanke ta ba a sake shafawa daidai ba, tsaronta ya ragu. Akwai ma'aunin duniya na gwada filtar iska mai suna ISO 5011, kuma mai saye yana da haƙƙin tambayar sakamakon filtar da ake tallata masa a kan wannan ma'auni.

Na ga abin da idona a motar ɗan ƙanwata, fikof mai gazuwal da yake jigilar kaya da ita tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Ya zo mini da murna yana cewa, "Kawu, saurari yadda take huci yanzu." Na ce masa, "To ɗana, bari hunturu ya wuce mu buɗe." Da muka kwance tiyon da ke bayan filtar, na naɗe farin ƙyalle a yatsa na shafa cikinsa, sai ƙyallen ya fito da jan gari mai laushi kamar na lalle, na murza shi tsakanin yatsu na ji yana ƙaras-ƙaras. Muka haska bakin turbo, gefen fukafukan da ya kamata ya kasance da kaifi ya soma dushewa. A ranar ya ɗauko tsohon akwatinsa daga bayan ɗaki. Wannan gwajin farin ƙyalle kowa zai iya yin sa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: bayan filta bai kamata a sami ƙura ko kaɗan ba.

Ruwa ma yana da nasa haɗarin. Wasu bututun suna saukar da filta ƙasa, bayan bamba, don neman iska mai sanyi. A watan Agusta, lokacin da ruwa yake kwanciya a titunan gari kuma Gulbi ya cika, filtar da ke ƙasa tana iya zuƙar ruwa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda yana lanƙwasa sandar fistin nan take, gyaran kuma sai an sauke inji. Wanda yake ratsa fadama ko yake bin ayarin motoci a cikin ƙura, abin da ya dace da shi shi ne dogon bututun da ke hawa gefen gilashin gaba zuwa rufin mota, irin wanda ake gani a jikin Land Cruiser na ƙungiyoyi da na hukuma, musamman mai kwano a kai wanda yake wulwula iska ya zubar da manyan ƙwayoyin ƙura kafin su isa filta. Shi ma ba don ƙarin ƙarfi ake sa shi ba, don tsaron inji ne.

Akwai inda sabon bututu yake da amfani na gaskiya, kuma adalci ne a faɗe shi. Idan an sake rubuta kwamfutar mota don ta nemi matsi fiye da na kamfani, ko an ɗaura turbo mafi girma, iskar da ake ja tana ƙaruwa, shaƙewar kuma tana hauhawa da sauri fiye da ƙaruwar iskar, har akwatin asali ya zama shi ne ƙunci. Ma'aunin nan mai rawaya da ja da na ambata zai nuna hakan ƙarara. Ko a nan ma, a zafinmu, intakula mafi girma yakan fi bututu biyan kuɗinsa, kuma mai injin fetur ya kula da ingancin man da yake sha, domin zafi da matsi da mai marar kyau su ne suke sa inji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja da baya ta rage ƙarfi.

Idan bayan duk wannan ka yanke shawarar ɗaurawa, ka zaɓi wanda aka ƙera musamman don samfurin motarka, mai rufaffen akwati da ke jan iska daga waje ta sama, da busasshiyar filta marar mai. Ka kula sosai da na'urar auna iska, wadda makanikanmu suke kira debimetir. Kwamfuta ta san faɗin bututun da na'urar take zaune a ciki, idan faɗin ya sauya ko aka sa ta kusa da lanƙwasa, lissafin iska zai karkace, kuma man filta yana iya ɓata siririn ƙarfen da ke cikinta. A kashe mota a cire makulli kafin a zare soket ɗinta, kada a taɓa cikinta da yatsa, a mayar da ita tana fuskantar inda kibiyarta ta nuna. A toshe bakin turbo da tsaftataccen ƙyalle muddin yana buɗe, a yi aikin a inuwa inda iska ba ta kaɗa yashi, a ƙirga kusoshi da kayan aiki kafin a rufe, a kuma tabbatar an cire ƙyallen. A mayar da ƙananan tiyo duka, musamman na numfashin inji, a ɗaure bututun da jikin mota don kada nauyinsa ya rataya a wuyan turbo, kada kuma ya goga wa waya ko ya kusanci bututun hayaƙi.

Bayan ɗaurawa sai a maimaita gwajin hanya a wuri ɗaya, da lokaci ɗaya, da irin zafin garin da aka rubuta. A mota mai fetur a duba lambar gyaran mai ta dogon lokaci a na'urar OBD, wato lambar da ke nuna yawan ƙari ko ragin da kwamfuta take yi wa man da ake fesawa, idan ta wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, ko fitilar inji ta kama da lambar P0101 ko P0171, to awon iska ya karkace ko kuma akwai inda iska take shiga ta bayan fage. A mai gazuwal a lura da baƙin hayaƙi da jinkirin amsawa. Bayan mako biyu a kwance tiyon a yi gwajin farin ƙyalle, a sake yi a tsakiyar hunturu. Tsohon akwatin kuwa kada a sayar da shi, a wanke shi, a haɗa shi da kusoshinsa da maɗauransa a cikin buhu a ajiye, domin idan ƙyallen ya fito da ja, ko agogo ya nuna daƙiƙun ba su ragu ba, a ranar za a buƙace shi.